Ƙaurar Furoton a Cikin Sinadarai: Abin da Ya Tabbata da Abin da Ake Jayayya a Kai

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya haddace cewa asid shi ne sinadarin da ke ba da furoton. Maganar gaskiya ce, amma hoton da take bari a zuciya gurgu ne. Ɗalibai da yawa suna fita da tunanin cewa furoton yakan ɓalle daga jikin asid ya yi ta yawo shi kaɗai a cikin ruwa. Wasu kuma da zarar sun ji kalmar sai hankalinsu ya tafi ga makamashin nukiliya. A 'yan shekarun nan ruɗanin ya ƙaru, saboda labaran da ke yawo a intanet cewa masana sun gano furoton yana ratsa katanga a cikin ƙwayoyin gado, wai shi ne ke haddasa sankara da sauran cututtuka.

Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da inda ta taɓa gaskiya, tana kuma da inda ta zarce. Abin da bincike na sama da shekara 100 ya nuna shi ne furoton ba ya zama babu maƙwabci, kuma wurin da zai zauna ba halin sinadarin kaɗai ke yanke shi ba. Siffar sinadarin tana da hannu, ruwan da ke kewaye da shi yana da hannu, har hasken da ya faɗa masa yana iya sauya lissafin.

Ma'anar kalmomi

Ƙwayar zarra, wato atom, ita ce mafi ƙanƙantar yanki na asalin sinadari kamar ƙarfe ko kabon ko oksijin. Tana da cibiya mai nauyi, da elektaron da ke kewaye da ita. Furoton yana cikin cibiyar, yana ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, elektaron kuwa nasa cajin mai alamar ɗebewa ne. Idan ƙwayoyin zarra suka ɗaure da juna, dunƙulen da suka samar shi ake kira molekul. Ruwa molekul ne: oksijin 1 da haidurojin 2.

Haidurojin ya fi kowane sinadari sauƙin gini, domin furoton 1 da elektaron 1 ne kawai. Idan ya rasa elektaron ɗinsa, abin da ya rage furoton ne zalla. Saboda haka idan masanin kemistiri, wato ilimin haɗuwar sinadarai, ya ce furoton ya ƙaura, yana nufin cibiyar haidurojin ta bar jikin wata ƙwayar zarra ta koma jikin wata, ta bar elektaron a baya. Ba a fasa cibiyar komai ba, kuma ƙarfin da ke fita bai kai kashi ɗaya cikin dubban ɗaruruwa na wanda ake samu a tashar nukiliya ba. Kada kuma a haɗa furoton da furotin: furotin shi ne babban molekul mai gina jiki da ake samu a wake da nama, kuma zai shigo maganarmu a gaba.

Asid shi ne mai ba da furoton, kamar abin da ke sa tsamiya da lemun tsami tsami. Mai karɓar furoton ana kiransa bes, kuma ruwan kanwa da ruwan toka suna daga cikin wannan rukuni. Sai ɗaurin haidurojin, wanda shi ne gadar da furoton ke bi idan zai ƙaura. Yana samuwa ne idan haidurojin yana manne da oksijin ko naitirojin, amma kuma yana karkata zuwa ga wani oksijin ko naitirojin da ke kusa. Idan mai bayarwa da mai karɓa duka suna jikin molekul ɗaya, ƙaurar ta zama ta cikin gida, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalin masu bincike.

Yadda aka gane al'amarin

Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya kawo ra'ayin cewa asid yana sakin haidurojin mai caji a cikin ruwa tun a shekarun 1880. A 1909 Søren Sørensen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kopenhagen, ya ƙirƙiro ma'aunin pH, wanda ke nuna yawan furoton ɗin da ke a shirye a cikin ruwa. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami ne, kuma kowane mataki ɗaya yana nufin ninki 10. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, jinin mutum kuwa yana tsaye a kusan 7.4. A 1923 Johannes Brønsted a Denmak da Thomas Lowry a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka gyara fahimtar: asid ba ya sakin furoton sai akwai mai karɓa. Ma'amala ce tsakanin ɓangarori biyu.

Dalilin yana ga ƙanƙantar furoton. Ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta kusan sau 100,000, don haka cajinsa ya taru a wuri guda, yana fizgar duk elektaron ɗin da ya kusanto shi. A cikin ruwa nan take yake mannewa da molekul ɗin ruwa. An daɗe ana muhawara kan siffar abin da ke samuwa. Manfred Eigen na Jamus, wanda ya sami kyautar Nobel a 1967, ya ce furoton yana jikin molekul 1, wasu 3 suna kewaye da shi. Georg Zundel ya ce yana tsakiyar molekul 2 suna raba shi daidai. A 1999 Dominik Marx da Michele Parrinello da abokan aikinsu suka yi lissafin kwamfuta da ya nuna cewa siffofin biyu suna juyewa zuwa juna ba tsayawa, kuma wannan juyawar ita ce tafiyar furoton kanta.

Wannan ya warware wani tsohon abin mamaki. Furoton yana ratsa ruwa da sauri kusan sau 7 fiye da sodiyam mai caji, wanda ke cikin gishiri. Abin da ke faruwa ya yi kama da leburori da suka yi layi suna miƙa wa juna bulo a wurin gini: bulo yana isa sama ba tare da kowa ya bar inda yake tsaye ba. Molekul ɗin ruwa yana karɓar furoton ta gefe ɗaya, ya saki wani nasa ta ɗaya gefen. Ana danganta wannan tsari ga Theodor Grotthuss, wanda ya kawo asalin tunanin a 1806, tun kafin a san akwai furoton.

Me ke sa wani sinadari ya riƙe furoton da ƙarfi

Ana auna ƙarfin riƙon da wata lamba da ake kira pKa. Idan ta yi girma, sinadarin yana riƙe furoton gam; idan ta yi ƙasa, yana sakinsa cikin sauƙi. Littattafan makaranta suna jera waɗannan lambobi kamar wani hali ne da sinadari ya zo da shi duniya, kuma nan ne babban kuskuren yake.

Dangin amoniya sun isa hujja. Idan aka cire haidurojin 1 daga amoniya aka sa reshen kabon da ake kira metil, sabon sinadarin yana ƙara son furoton. Hankali zai ce idan aka sa reshe 3 sai son ya fi ƙaruwa. A cikin ruwa ba haka ake gani ba: mai reshe 3 lambarsa kusan 9.8 ce, ƙasa da mai reshe 1 da mai reshe 2 da ke wajen 10.6 da 10.7. Masana sun daɗe suna neman bayani a cikin ginin molekul ɗin. Sai a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, da aka sami na'urorin auna sinadarai a cikin iska ba tare da ruwa ba, aka ga jerin ya miƙe sak, mai reshe 3 ya fi kowa. Ashe ruwa ne ke karkatar da sakamakon. Bayan sinadarin ya karɓi furoton, ruwa yana tallafa masa ta hanyar kama haidurojin ɗinsa, kuma mai reshe 3 haidurojin 1 kawai ya rage masa da ruwa zai kama. A daidai wannan lokaci John Brauman na Jami'ar Stanford ya nuna cewa jerin tsamin dangin alkohol ma yana juyewa gaba ɗaya idan aka cire ruwa.

Siffa ma tana da nata tasirin. A 1968 Roger Alder na Jami'ar Bristol ya ba da rahoton wani molekul da aka gina a kan naftalin, wanda ake yin ƙwallayen korar asu da shi. An dasa naitirojin 2 dab da juna, kowanne da rassan metil 2, har suna matse juna. Ɗan uwansa da ba shi da waɗannan rassa lambarsa ba ta wuce 5 ba, amma tasa ta haura 12, wato ƙarfin riƙonsa ya ninka na ɗan uwan fiye da sau miliyan 10. Furoton yana shiga tsakanin naitirojin ɗin biyu, ya sassauta matsin, ya zauna a tsare. Shi ya sa ake kiransa soson furoton. Amma yana da jinkirin karɓa da jinkirin saki idan aka kwatanta da sauran, domin rassan sun tare hanya. Ƙarfin riƙo daban, saurin ƙaura daban, kuma mutane suna yawan haɗa su.

Wannan ba maganar ɗakin bincike ba ce kawai. Launin zoɓo yana sauyawa idan aka matsa masa lemun tsami ko aka jefa masa kanwa, domin sinadarin launinsa ja ne idan yana riƙe da furoton, yana kuma dushewa ya yi duhu idan ya rasa shi. Kulorokwin, maganin zazzabin cizon sauro da aka daɗe ana sha, da wannan hanya yake aiki. Idan ba shi da caji yana ratsa bangon ƙwayar cutar cikin sauƙi. Da ya shiga jakar da ƙwayar ke narkar da jini a ciki, wadda tsaminta yake wajen 5, sai ya karɓi furoton 2, ya sami caji, ya kasa fitowa. A nan yake taruwa ya hana ƙwayar kawar da dafin da ke fita daga jinin da ta ci. A shekarar 2000 aka gano cewa ƙwayoyin da suka daina jin maganin sun sami sauyi a wani furotin da ke bangon jakar, wanda ke fitar da maganin waje duk da cajinsa.

Ƙaura a cikin gida

Akwai molekul ɗin da ke ɗauke da mai bayarwa da mai karɓa a jikinsa. Idan furoton ya tashi daga wannan ya koma wancan, ƙwayoyin zarra ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amma molekul ɗin ya sami sabuwar siffa da sabon hali. Ana kiran irin waɗannan tagwayen siffofi totoma.

Gilisin, mafi ƙanƙanta a cikin tubalan da ake gina furotin da su, yana da kai mai asid da kai mai bes. A cikin ruwa furoton yana barin kan asid ya koma ɗaya kan, sai molekul ɗin ya zama mai caji biyu masu saɓani. A cikin iska, shi kaɗai, ba ya yin haka ko kaɗan. Molekul ɗaya ne, maƙwabta ne suka bambanta.

Wanda aka fi yi wa nazari shi ne malonaldihaid, mai ƙwayoyin zarra 9 kacal. Ya lanƙwashe kamar zobe, oksijin 2 suna fuskantar juna, furoton yana tsakaninsu. Wurare biyu ne zai iya zama, kuma daidai suke da juna, sai dai akwai tudun makamashi a tsakani, wanda masana ke kira katanga. A farkon shekarun 1980 ƙungiyar E. Bright Wilson a Jami'ar Harvard ta auna molekul ɗin da igiyoyin maikurowef, ta sami alamar cewa furoton yana komawa ɗaya gefen ba tare da ya sami ƙarfin hawa katangar ba. Wannan shi ne ratsa katanga, kuma ba siddabaru ba ne. Ilimin kwantum, wanda ke bayanin halayen abubuwa ƙanana ƙwarai, ya nuna cewa abu marar nauyi ba shi da tsayayyen wuri guda. Yana da yaɗuwa irin ta igiyar ruwa, kuma idan katanga siririya ce, gefen yaɗuwar yana leƙawa ta bayanta. Da aka sa dutiriyam, wato haidurojin mai ninkin nauyi, a madadin na yau da kullum, alamar ta ragu kusan sau 7. Wannan gwaji na sauya nauyi shi ne babban ma'aunin da ake gane ratsa katanga da shi har yau.

Sharaɗin dai shi ne kusanci. Nisan da furoton ke tsallakawa a nan bai kai kashi ɗaya cikin biliyan 10 na mita ba. Idan tazarar ta ƙaru kaɗan, damar ratsawa takan faɗi warwas. Shi ya sa ƙwayoyin oksijin ɗin sukan fara matsowa kusa da juna kafin furoton ya motsa.

Idan haske ya shigo

Wajen 1950 Theodor Förster a Jamus ya lura cewa wasu sinadarai suna zama asid mai ƙarfi da zarar sun sha haske. Akwai wani ɗan naftalin da lambarsa ke faɗowa daga kusan 9.5 zuwa ƙasa da 3 a ɗan lokacin da yake ɗauke da makamashin hasken. A tsakiyar shekarun 1950 Albert Weller ya gano irin wannan a cikin gida, a jikin metil salisilet, sinadarin da ke ba wasu man shafawa na ciwon gaɓoɓi ƙamshinsu. Molekul ɗin yana shan hasken da ido ba ya gani, wanda ya wuce launin shunayya a jerin launuka, sai ya fitar da shuɗin haske. Weller ya ce furoton ne ke tsallakawa zuwa oksijin ɗin da ke gefe kafin hasken ya fito. Ba a iya ganin saurin abin ba sai da Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar da ya yi aiki a Caltech ta Amurka, ya ƙera hanyar ɗaukar hoton sinadarai da walƙiyar leza. A farkon shekarun 1990 ƙungiyarsa ta nuna cewa ƙaurar tana kammaluwa cikin kusan femtosakan 60, kuma femtosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na daƙiƙa. Zewail ya karɓi kyautar Nobel a 1999.

Amfanin wannan sauri babba ne. Hasken rana yana da ƙarfin tsinka ɗaurin sinadarai, shi ya sa roba ke farfashewa, fenti ke kodewa. Molekul ɗin da furotonsa ke tsallakawa nan take yana mayar da makamashin zafi kafin ya yi ɓarna, sannan furoton ya dawo mazauninsa, a sake. Sinadaran da ake zubawa a roba da fentin mota don kare su daga rana, da wasu da ke cikin man kare fata, a kan wannan dabara aka gina su.

Shuni ma yana cikin wannan sahu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Shunin da ake samu daga ganyen baba, wanda marina suka daɗe suna aiki da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano da sauran garuruwa, molekul ne mai ɓangarori biyu iri ɗaya da ɗauri ya haɗa a tsakiya. Adolf von Baeyer ya tantance gininsa a 1883. Kowane ɓangare yana da haidurojin a jikin naitirojin, yana fuskantar oksijin na ɗaya ɓangaren, wato ɗaurin haidurojin 2 ne ke riƙe da molekul ɗin a shimfiɗe. Shuni yana daga cikin rinin da suka fi jure rana, kuma kusan ba ya fitar da haske bayan ya sha shi. Idan aka cire waɗannan haidurojin ɗin aka sa wasu rassa a gurbinsu, halinsa yana canzawa: haske yana iya murɗa molekul ɗin ya juya siffarsa. Wannan ya sa tun da daɗewa ake zargin furoton ne ke ba shi kariya. An yi saɓani kan ko furoton 2 ne ke tsallakawa tare ko 1 ne kawai. Lissafin da Wolfgang Domcke da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya goyi bayan cewa 1 ya isa ya buɗe hanyar zubar da makamashin. Zubar da shuni ke yi a jikin mai sanye da rawanin ɗan Kura kuwa wani al'amari ne daban: shuni ba ya ɗaurewa da zaren auduga, maƙalewa yake yi, don haka gogayya ce ke cire shi, ba rana ba.

A cikin jikin mai rai

A cikin furotin ƙaurar ba ta cika zama tsalle ɗaya ba. Akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke taimakawa wajen ɗauko iskar kabon daga sassan jiki zuwa huhu. Sunansa kabonik anhaidires, kuma yana iya yin aikinsa kusan sau miliyan 1 a daƙiƙa. Matakin da ya fi jinkiri a aikin shi ne fitar da furoton daga tsakiyarsa. Furoton yana bin jerin molekul ɗin ruwa zuwa wani reshe na enzayim ɗin, histidin na 64, shi kuma ya miƙa shi waje. Da David Silverman da abokan aikinsa suka cire wannan reshe, saurin ya ragu fiye da sau 10. Ana kiran wannan ƙaurar cikin gida, amma ruwa ne ya yi gadar.

Mafi girman misali shi ne yadda jiki ke samun ƙarfi daga abinci. Peter Mitchell na Ingila ya ce a 1961 ƙwayoyin jiki suna tura furoton zuwa gefe ɗaya na wani siririn bango, sannan su yi amfani da dawowarsa wajen tara makamashi. An daɗe ana musanta shi kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko ya ɓarke a 1994, lokacin da W. W. Cleland da Maurice Kreevoy, da kuma Perry Frey a nasa ɓangaren, suka ce asirin saurin wasu enzayim yana ga wani ɗaurin haidurojin gajere mai ƙarfi na musamman, inda katangar ta yi ƙasa har furoton ya zauna kusan a tsakiya. Arieh Warshel ya yi watsi da wannan, ya ce caji da enzayim ya riga ya jera a wuraren da suka dace shi ke yin aikin, kuma raba furoton daidai zai ma rage ƙarfin wannan jeri. Charles Perrin ya kawo shaida mai nauyi daga ƙananan molekul: waɗanda furotonsu ke tsakiya idan suna daskare a matsayin lu'ulu'u, a cikin ruwa yana karkata gefe ɗaya. Abin da za a iya cewa a yau shi ne gajerun ɗauri suna nan a cikin furotin, an auna su, amma ba a tabbatar da cewa su ne ke ba da yawancin saurin ba. A ganina hujjar masu shakka ta fi ƙarfi a matsayin ƙa'ida ta gaba ɗaya, ko da yake hakan bai hana a sami enzayim ɗaya ko biyu da suka fita daban ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi shiga labarai, wato batun DNA, molekul ɗin da ke ɗauke da bayanan gado. Haruffansa 4 suna haɗuwa bibbiyu ta ɗaurin haidurojin, kuma haɗuwar ta dogara ne kacokan ga inda furoton yake zaune. A 1953 James Watson ya yi ta fama da gina samfurinsa domin littattafan da ya dogara da su sun zana furoton a wurin da ba daidai ba, sai da Jerry Donohue ya gyara masa. Watson da Francis Crick sun ce tun a wannan shekara idan harafi ya koma siffarsa da ba a saba gani ba, zai iya haɗuwa da abokin da ba nasa ba, kuskure ya shiga gado. A 1963 Per-Olov Löwdin na Suwidin ya ƙara da cewa ratsa katanga zai iya haifar da wannan.

Matsalar ra'ayin Löwdin ita ce lokaci. Lissafi ya nuna cewa furoton ɗin da ya tsallaka yana komowa da sauri ƙwarai, alhali buɗe igiyoyin DNA don kwafe su yana ɗaukar lokaci mai tsawo nesa ba kusa ba. Masu bincike a Jami'ar Surrey, ciki har da Jim Al-Khalili, sun wallafa lissafin da ke nuna cewa ratsawar tana da yawa kuma wasu siffofin za su iya tsira, amma lissafi ne, ba gani da na'ura ba. Shaida mafi ƙarfi ta zo ne daga ƙungiyar Hashim Al-Hashimi, wadda a 2015 ta nuna da na'urar maganaɗisu cewa haruffa biyu da suka haɗu bisa kuskure suna iya sauya mazaunin furoton na ɗan lokaci su yi kama da haɗuwa ta gaskiya, har su ruɗi enzayim mai kwafi. Wannan ya ƙarfafa maganar Watson da Crick, amma bai tabbatar da ta Löwdin ba. Kuma ko da ta tabbata, ƙwayoyin jiki suna da masu gyara kurakurai, sannan abubuwan da aka tabbatar suna lalata DNA sanannu ne: hayaƙin taba, hasken rana mai ƙarfi, da dafin aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. Wanda ya ce an gano furoton ne tushen sankara ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Wahalar gani, da abin da zai biyo baya

Dalilin da ya sa jayayyar ke daɗewa shi ne furoton yana da wuyar gani. Hanyar da aka fi sanin siffar furotin da ita, wato haska lu'ulu'unsa da hasken eksire, elektaron take gani, haidurojin kuwa 1 gare shi. Niyutiron, wani ɗan cibiyar zarra marar caji, yana iya nuna shi, amma wuraren da ke samar da shi kaɗan ne, kamar cibiyar Laue-Langevin a Grenoble ta Faransa da ta Oak Ridge a Amurka, kuma aikin yana buƙatar manyan lu'ulu'u masu wuyar samu. Taskar siffofin furotin ta duniya ta haura 200,000, amma waɗanda aka tantance da niyutiron 'yan ɗaruruwa ne. A sauran, hasashe ake yi na inda furoton yake.

Tasirin binciken zai fi bayyana a wurare biyu. Na farko shi ne na'urorin da ke samar da lantarki daga haidurojin, waɗanda ke dogara da wata siririyar fata mai barin furoton ya wuce. Wadda aka fi amfani da ita, Nafion, sai da ruwa take aiki, don haka tana rauni idan zafi ya yi yawa. Ana neman wasu da furoton zai bi ta jikin molekul ɗinsu ko ta asid ɗin fosforas. Na biyu shi ne ƙera magunguna. Kamfanoni suna tace miliyoyin sinadarai a kwamfuta kafin su gwada kaɗan a zahiri, kuma idan aka sa furoton a wurin da ba nasa ba, kwamfuta za ta zaɓi wanda bai dace ba. A 2013 an yi amfani da niyutiron wajen duba yadda maganin amfirinabir ke kama wani enzayim na ƙwayar cutar HIV, sai aka ga wasu ɗaurin haidurojin da hoton eksire ya sa aka ɗauka su ne ke riƙe maganin ba su da ƙarfin da aka zata, abin da ya nuna wa masu ƙera magani sassan molekul ɗin da ya kamata su sake wa gini.